Irin Gerona da Ƙirjin Jikana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda matata ke cewa da gangan nake manta su. Amma abin da ya faru a gidana shekarar da ɗiyata ta zo wanka, ko ƙwaƙwalwata za ta tsiyaye kamar tsohon tulu, shi kam zai maƙale a gindi har in koma ga Mahaliccina. Yau shekara shida ke nan, kuma duk sanda na tuna sai na yi dariya, sannan in yi istigfari.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mungadi, gero da damina, albasa da rani. Boko kuwa, ajin yaƙi da jahilci na shiga da furfurata, na fito da abin da bai wuce rubuta sunana da karanta lambar buhu ba. Abin da nake taƙama da shi a duniya kunnena ne. Shekara kusan talatin ina zaune gindin injin ban-ruwa a fadama, har ta kai ko daga nesa in inji ya yi tari na san abin da ke damunsa. Mutane kan taso daga Kuberi su ce in zo in saurara masu. In durƙusa, in karkata kai, in rufe ido kamar mai duba, in ce a kwance nan. Wani lokaci in dace, wani lokaci a kwance inji gaba ɗaya a bar mai shi da kayan ciki a faranti. Waɗanda na dace su ake tunawa, don ni nake ba da labarin.

To ɗiyata, wadda ke aure a Aliero, ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Ta sami namiji. Ta yi arba'in, mijinta yana kudu da motar albasa, sai aka ce ta ƙara zama har ya dawo. Yaron nan kuwa tun da ya faɗo ya ƙwace mini gida. Matata ta daina kirana maigida, shi take kira. In na nemi ruwan alwala sai ta ce in jira, maigida yana wanka. Ni kuma nakan leƙa fuskarsa in ce, "Kai ɓarawon mata, ba ka da haƙori ba ka da gona, da mi za ka riƙe ta?" Shi kuwa ya wage baki ya kama gemuna ya ja. Ban taɓa son wani abu mai rai kamar yadda na so yaron nan ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don ku yi mini sassauci idan mun je gaba.

A garinmu, in an yi girbi, manomi kan zaɓi zangarnun gero mafi kyau ya ɗaure, ya rataya a inda hayaƙi ke bugunsu, don ƙwari ba sa cin irin da ya sha hayaƙi. A madafa ake ratayawa. Nawa ma can yake kowace shekara, sai a wannan shekarar wani ɓera ya biyo irin, ya zame, ya faɗa cikin tukunyar miya ranar da surukai suka zo. Matata ta kwaso damin ta dire mini a ƙofar ɗaki, ta ce ko ni ko shi, wanda ya sake shiga madafarta zai ga aiki. Iri ne da na gada daga mahaifina, mai dogon kai, ba a samunsa a kasuwa. Na yi ta yawo da shi a gida kamar mai neman wa maraya masauki.

Sai na lura da ɗakin ɗiyata. Lokacin sanyi ne, kullum da safe ana kai mata kaskon garwashi don ɗumama ɗaki. Na ce to ga wuta, abin da ya rage hayaƙi. Na hau turmi na rataye damin a katakon rufi, can saman labule. Kowace safiya, idan mata sun fita tsakar gida daka da wanki, sai in ce a ba ni maigida in riƙe. In shiga da shi ɗaki, in ciro ɗanyen ganyen dogon yaro daga aljihu, da ɗan ɓawon albasa, in barbaɗa a kan garwashi, in tura ƙofa wai kada sanyi ya shigo. Hayaƙi ya tashi fari tas ya nufi irina, ni kuma ina zaune ina yi wa yaro waƙa. Kafin su gama aiki hayaƙin ya lafa. Sau ɗaya ɗiyata ta ce, "Baba, ɗakin ga shina warin ganye." Na ce maganin sauro ne da sanyi, da shi aka rene mu. Ɗiya ba ta ja da ubanta a kan abin da aka rene shi da shi.

Yaro yana wata biyar uwarsa ta fara cewa ƙirjinsa yana fito. Wai in ya fitar da numfashi sai a ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ana busa kara. Da hantsi ya fi yi, ya ƙi kama nono, ya yi ta ƙananan tari. Matata ta saurara ta ce ita ma ta ji. Aka kira ni, mai kunnen gari. Na durƙusa na ɗora kunne a ƙirjinsa, na rufe ido yadda nake yi wa inji. Na ji zuciya tana bugawa daram, na ji ciki yana ƙugi. Fito kam ban ji ba.

"Wanga inji lahiya lau shike," na ce. "Ku mata kun cika neman magana. Ƙiba ce ka zo mai."

Duk da haka uwar ta matsa, muka ɗauke shi zuwa asibiti a Jega. Kafin mu sami mota, mu isa, mu bi layi, azahar ta yi, yaro ya sha iskar hanya ya warware, yana ta dariya yana cin yatsun ƙafarsa. Malamar asibitin da ke duba yara ta sa abin sauraronta ta ce ba ta ji komai ba. Muka dawo. Bayan kwana biyar muka sake komawa, haka dai. A mota na ishe su da surutu, ina cewa ga likita ma ta bi bayana. Ɗiyata ta juya fuska wajen taga, ina ganin tana share ido da bakin mayafi. Ita ta san abin da take ji, an mayar da ita mai ƙirƙirar ciwo.

A zuwa na uku ne malamar ta ce ta yarda da kunnen uwa. Ta ce irin wannan fito yana zuwa yana tafiya, kuma matsalar ita ce ba ya jiran a kawo shi asibiti. Ta buɗe durowa ta ɗauko wani ɗan abu fari, bai fi sabulun wanka ba, da ɗan baki zagayayye a kansa. Ta ce wasu likitoci ne daga wata ƙasa suka kawo masu 'yan kaɗan ana gwadawa. Ana dafa bakin a ƙirjin yaro, ƙasa da ƙashin wuya, a jira kamar rabin minti ba a magana. Shi zai saurara da kansa. In akwai fito fitila ɗaya ta kama, in babu ɗayar ta kama. Ba ya magani, in ji ta, saurare kawai ya iya. Ta ba ɗiyata aronsa na mako guda, da takarda, ta ce ta gwada da asuba, da hantsi, da la'asar, ta riƙa yin alama. Ta kuma ce in ta ga haƙarƙarinsa na lotsawa ko ya kasa shan nono, kada ta tsaya jiran fitila, ta taho.

Sannan ta tambaya, "Akwai hayaƙi a ɗakin da yake kwana? Girki, ko turare, ko maganin sauro?"

Ɗiyata ta buɗe baki, na riga ta. "Babu, Malama. Ɗan garwashi ne kawai, shi ko ba shi hayaƙi."

Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan ƙarya ba. Ba wai na san hayaƙin ne ba. Amma zargin hakan ya ɗarsu a raina, na danne shi da sauri, don in aka ce a cire hayaƙi, ina zan kai irina?

A gida na sa wa abin ido. Yaya za a ce sabulu ya fi ni kunne? Ran farko da ɗiyata ta shiga wanka na lallaɓa na ɗauke shi. Na dafa wa ɗan akuya, ya yi tsalle ya kayar da ni cikin toka. Na dafa wa kyanwa tana barci, fitilun suka yi ta ƙyaftawa kamar sun rikice. Na ɗaga riga na dafa a nawa ƙirjin ina riƙe numfashi, sai ga matata a kaina da muciya a hannu.

"Mi kaka nema ciki?" ta ce. "In hankali ne, ba nan aka aje shi ba. Mayar ma yarinya da kayan mutane."

Kwana huɗu ɗiyata tana alama a takarda. Ta yi sakandare, ba irina ba ce. Da asuba babu fito. Da la'asar babu. Da hantsi kuwa fitilar fito ce ke kamawa kullum. Ni na fassara masu cewa abin yana jin yunwa ne da hantsi. Rana ta biyar ta kama ranar kasuwar Jega, na yi sammako da buhunan albasa, ban riƙi yaro ba. Da na dawo da yamma na tarar da gida ana walwala. Wai yau ko sau ɗaya fitilar fito ba ta kama ba, yaro ya sha nono har ya yi gyatsa ya yi barci. Na ce ai dama na faɗa, lafiya lau yake. Ɗiyata ta yi mini wani irin kallo, ta dubi takardarta.

Washegari na tashi da lissafina na wawa. Na ce iri ya yi fashin hayaƙi jiya, yau sai a rama. Na cika aljihu biyu da ganye. Da na zo karɓar yaro, ɗiyata ta ce, "Baba, dakata kaɗan." Ta dafa masa abin a gabana. Fitilar lafiya ta kama. Ta nuna mini, ta nuna wa uwarta, sannan ta miƙo shi. Ni ban gane tarko ne ba. Na shiga, na zuba ganye, na tura ƙofa, na fara waƙata.

Ban kai ƙarshen waƙar ba na ga yaro ya daina dariya. Ya saki gemuna. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana shiga ciki duk jan numfashi, idonsa a kaina kamar yana tambayata wani abu. Na kai kunne ƙirjinsa, wallahi ban ji fito ba, amma hannuna yana jin yadda ɗan ƙirjin nan ke wahala. Kafin in miƙe an banko ƙofa. Ɗiyata ba ta iya tunkarata da kanta ba, uwarta ta turo. Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana tari, hayaƙi yana fita ta saman kanta. Ta dubi kasko, ta bi hayaƙin da ido har rufi, ta ja labule. Ga damin gerona yana lilo.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta fizge yaron ta fita da shi tsakar gida. Uwarsa ta dafa masa abin, fitilar fito ta kama. Ba ta ma jira ta gama kallo ba ta goya shi a baya.

Ban taɓa tafiya Jega mai tsawo kamar ta ranar ba. Maƙwabcinmu mai mota ya ɗauke mu, ina gaba, su suna baya. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta hawan abin hawa, don ba ni da zaɓi. Wannan karon fiton bai gudu ba. Malamar tana ɗora abin sauraronta ta ce a shigo da shi ciki. Aka sa masa wani ɗan kofi a hanci da baki, magani yana fitowa kamar tururi. Ya yi kuka, ya yi shure-shure. Ni ina tsaye jikin bango da hulata a hannu. Can sai kukan ya buɗe, ya yi ƙarfi, irin kukan da ke cika ɗaki. Malamar ta ce, "Yauwa, ga muryarsa nan ta dawo." Aka miƙa wa uwar, ya cafki nono kamar wanda ya dawo daga noma. Matata ta zauna a ƙasa tana hamdala tana dariya tana hawaye duk a haɗe.

Malamar ta karɓi takardar ta duba. Ta sa yatsa a ranar da babu alama ko ɗaya ta ce, "Me ya bambanta wannan rana da sauran?"

Ɗiyata ta sunkuyar da kai. Matata ta ce, "Ranar ce tsohon injin ya tahi kasuwa."

Na ga ba mafita. Na sa hannu a aljihu na zaro sauran ganyen na ajiye mata a kan tebur, na faɗi komai tun daga ɓeran miya. Ina jiran ta wanke ni tas, sai na ga ta rufe baki da takarda, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu ta tsaya ta ce, "Baba, hanyoyin iskar jariri sirara ne kamar tsinken tsintsiya. Hayaƙin da kai za ka sha ka yi tari ɗaya ka wuce, shi matse masa su yake yi. Wasu yaran sun fi wasu saurin kamuwa, naka yana cikinsu. Garwashin ma kada a ƙara rufe ɗaki da shi, ko da yaro ko ba yaro."

Na ce, "Malama, na ji, na tuba. Amma abu guda ka ɗaure man kai. Ƙaƙa anka yi wanga sabulu ya ji abin da ni ban jiya ba? Ni hwa daga Kuberi aka zowa nemana."

Ta tambaye ni sana'ata, na gaya mata da shekarun. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Baba, yaushe rabonka da jin kukan gyare?"

Na ce ai gyare sun ƙare a ƙasarmu. Maganin feshin ciyawa ya kashe su tun shekaru goma da suka wuce. Wannan magana na sha yin ta a majalisa, har na taɓa yin faɗa da wani dillalin maganin feshi a kanta.

Matata ta dubi ɗiyata, ɗiyata ta dubi malama, sai dukansu uku suka fashe. Matata har da buga cinya. "Gyare! Gyare da ka hana mu sakat bayan ɗaki! Shekara goma shina gaya ma mutane sun mutu, ni ina cewa wasa shikai!"

Ashe ƙarar inji ta cinye mini siririn ji tuntuni. Ina jin ganga, ina jin tsawa, ina jin tarin inji, amma duk abin da ya yi siriri, gyare ne, kukan sauro ne, fiton ƙirjin jikana ne, ya wuce ni ban sani ba. Shi ya sa ma nake yabon ganyena da cewa ya kori sauro. Suna nan suna kuka, ni ne ba na ji.

Bayan 'yan makonni aka tura mu babban asibiti don a auna huhunsa. Aka jira ya yi barci, aka ɗora masa wani abu mai laushi a fuska, numfashinsa yana zana tudu da kwari a jikin allo. Ni dai ina kallo kamar ana nuna mini kunyoyin gona. Likitan ya ce huhun lafiya lau, hanyoyin ne ƙanana, kuma ana sa ran za su buɗe yana girma, a dai raba shi da hayaƙi, a ajiye maganin da aka ba mu kusa. Haka kuwa aka yi. Ya ƙara yin fiton sau biyu ko uku lokacin mura, daga nan shiru.

Irin gero kuwa, tun ranar da muka dawo na sauke shi da hannuna. Na kafa masa 'yar bukka can bayan gida kusa da turken awaki, inda nake yi masa hayaƙinsa ni kaɗai, ina tari ina hawaye, ba mai tausaya mini. Ya fito da kyau a daminar, har na ba surukina mudu biyu ya shuka a Aliero. Labari kuma ya riga ni zuwa majalisa. Har yau in na doso sai wani ya sa hannu a kunne ya ce, "Ku yi shiru, ga mai ta'aziyyar gyare nan tahe." Masu inji ba su daina kirana ba, sai dai yanzu in na ce a kwance nan, sukan ce bari a tambayi sabulu tukuna.

Ranar da ɗiyata za ta mayar da abin, na ce ta ba ni. Na riƙe shi a tafin hannu na ce masa, "Kai dai munahuki ne, amma Allah shi yi ma albarka." Ita kuma na ce ta yafe mini kwanakin da na mayar da ita maƙaryaciya a mota. Ta rufe fuska da mayafi don kunya ta ce, "Haba Baba, ba komi." Uwarta ta ce, "Akwai komi. Bari shi ƙara faɗi, ban ji da kyau ba, ni ma kunnena ya tsufa."

Yanzu yaron ya shiga makaranta. In sun zo hutu yakan tsaya gabana ya sa yatsu biyu a baki, kumatunsa su kumbura, kaji su watse, kakarsa ta toshe kunne tana yi masa tsawa. Ni ba na jin komai, kumatun kawai nake gani. Sai ya ce, "Kaka, ka jiya?" In ce, "Ban jiya ba, ɓarawon mata, ƙara." Ya cika ƙirji ya ƙara, ni kuwa ina kallon ƙirjin nan yana ɗagawa yana sauka ba wahala, ba abin da ya fi mini wannan daɗi a duniya.

Abin da na koya shi ne, in mutum bai ji abu ba, wannan ba ya nufin babu abin. Da na yarda da kunnen uwar yaro tun ranar farko, da ba sai an ɗauko na'ura daga wata ƙasa ta zo ta kama ni da ganye a aljihu ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini ya ji abin da ban ji ba, ko jikana ne, ba na musu. Nakan ce ya matso kusa ya gaya mini, da ƙarfi.